Tuba da Bakin Aro: Waƙoƙin Rataya na Tsohuwar Ingila

Shekara huɗu ke nan, wata Laraba da la'asar, ɗan rahotonmu ya shigo ɗakin labarai da wata murya a wayarsa. Jami'an tsaro ne suka fito da wani saurayi da ake zargi da fashi, suka tsayar da shi gaban ƴan jarida, suka ce ya yi magana. Maganar ba ta kai minti biyu ba. Ya ce shi ya aikata. Ya ce sharrin shaiɗan ne da miyagun abokai, ya ce bai ji maganar iyayensa ba, ya roƙi jama'a gafara, sannan ya ja kunnen matasa kada su bi sawunsa. Ni na sa muryar a labaran ƙarfe takwas. Sai da na hau babur zan koma gida abin ya faɗo mini a rai: ai wannan jawabin na sha jinsa. Na ji shi a bakin wani, na kuma ji shi a bakin wanin wannan. Suna ne kawai ke sakewa, amma jerin maganar yana nan yadda yake, kamar duk malami ɗaya ya biya musu.

Na bar abin a raina har wani dare da nake neman tsofaffin waƙoƙi a intanet saboda shirina na dare. Na faɗa kan wani rumbu na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, inda suka ɗauki hotunan dubban takardun waƙoƙin kasuwa na Ingila, na ƙarni na 16 da na 17, har suka sa mawaƙa suka rera da yawa daga ciki. Ingilishina bai kai Faransancina ba, kuma Ingilishin wancan zamani sai da ƙamus a gefe. Duk da haka, ban yi nisa ba na gane jawabin saurayin nan. Ga shi nan baiti-baiti, da tsufan shekara 400, a bakin mutanen da aka rataye a Landan.

Kafin mu shiga waƙoƙin, sai mai karatu ya san irin shari'ar da ta haife su. A Ingila ta zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko da Sarki James, duk satar da ta wuce ƙimar sule ɗaya, wato kwabo 12, hukuncinta rataya ne. Su ne dai kwabo da sulen da maƙwabtanmu na Nijeriya suka gada daga Turawan Ingila. Wanda ake tuhuma da babban laifi ba a yarda ya ɗauki lauya ba, shi zai kare kansa da bakinsa, kuma shaidunsa ba a rantsar da su. Shari'ar rai sukutum takan ƙare cikin ƙanƙanin lokaci. A Landan, waɗanda aka yanke wa hukunci ana tsare su a kurkukun Newgate, ranar kisa a ɗora su a amalanke a ja su kusan kilomita biyar zuwa wani fili a bayan gari mai suna Tyburn. A 1571 aka kafa wa filin gungumen rataya mai ƙafa uku, wanda zai iya ɗaukar mutum 24 a lokaci guda. Babu wani rami da mutum zai faɗa wuyansa ya karye. Igiya ake sa masa, a kora doki, amalanke ta fita daga ƙarƙashinsa, ya yi ta shure-shure. Mai ƴan uwa masu tausayi, su kan ruga su ja ƙafafunsa don ya huta da wuri. Tufafinsa na hauni ne.

A 1605 wani attajirin tela mai suna Robert Dowe ya ba majami'ar da ke daura da Newgate kyautar fam 50, da sharaɗin cewa duk daren jajibirin kisa wani zai je bakin ɗakin waɗanda za a kashe da tsakar dare, ya kaɗa ƙararrawar hannu, ya yi musu wa'azin tuba. Ƙararrawar tana nan a majami'ar har yau. Na kawo wannan ne don a ga cewa tun daga daren ƙarshe har zuwa gindin gungume, abu ɗaya ake nema daga bakin mutumin: ya amsa laifi, ya ce hukuncin daidai ne, ya nemi gafarar Allah da ta sarki, ya gargaɗi ƴan kallo. Akasari kuwa haka suke yi.

To, a cikin wannan taron ƴan kallo ne mai tallar waƙa yake cin kasuwarsa. Hajarsa falle ɗaya ce ta takarda mai arha, an buga ta a fuska guda, da zanen da aka sassaƙa a katako a samanta, ana sayarwa kwabo ɗaya ko ƙasa da haka. Zanen ba lalle ya dace da labarin ba, don katako ɗaya yakan yi wa maɗaba'a aiki shekara da shekaru, yau matar da ke jiki mai kisan kai ce, gobe amarya. A ƙarƙashin sunan waƙar akan rubuta karin da za a rera ta da shi, kari ne da kowa ya riga ya sani. Akwai wani kari guda mai sanyin jiki da aka yi ta ɗora wa irin waɗannan waƙoƙi har mutane suka riƙa kiransa karin rataya. Da ka ji shi daga nesa ka san an yi kisa ko za a yi. Mai tallar yakan tsaya a kasuwa ko bakin mashaya ya rera, jama'a su taru, wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba duk su saya, a kai gida a manna a bango. A aikace wannan ita ce rediyon talakan Landan, kuma mai tallar nan abokin sana'ata ne, ko ina so ko ba na so.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, yawancin waƙoƙin da bakin mai laifin aka rubuta su. "Ni" ake cewa, ba "shi" ba. Wani lokaci ma takardar takan yi da'awar cewa da hannunsa ya rubuta. Akwai wadda aka jingina wa wani ɗan fashi mai suna Luke Hutton, da aka rataye a York a ƙarshen ƙarni na 16, kanta na cewa ya tsara ta ne ana gobe zai mutu. Amma galibin masu wannan "ni" ɗin ba su taɓa ganin takardar ba. Marubutan haya ne ke zaune kusa da maɗaba'u suna jiran labarin kotu, kuma dole su yi sauri, don waƙar rataya kamar ƙosai ce, da zafinta ake saye. Sau da yawa mai magana a cikin waƙar yakan ba da labarin mutuwarsa da kansa, har yadda wuta ko igiya ta kama shi, abin da ya isa ya nuna wa mai hankali cewa bakin aro ne. Shakespeare ya san da wannan. A wasansa The Winter's Tale ya sa wani ɗan damfara mai suna Autolycus yana sayar wa ƴan ƙauye waƙoƙin ƙarya tsagwaronta, wata budurwa kuma tana gaskata su don kawai bugun maɗaba'a ne. Mu ma muna da masu sauraro irinta, waɗanda hujjarsu ta ƙarshe ita ce a rediyo suka ji.

Bari in tsaya a kan mace guda, don ita ce ta hana ni barci a daren da na fara wannan karatu.

Sunanta Anne Wallen. Mijinta John Wallen masassaƙin katako ne a wani lungu kusa da kasuwar Smithfield a Landan. Ranar Asabar 22 ga Yuni 1616 ta kashe shi, ranar 1 ga Yuli aka ƙone ta a Smithfield. Kwana tara tsakanin laifi da toka. Dalilin ƙonawa maimakon rataya shi ne wata doka ta 1351 wadda ta ɗauki matar da ta kashe mijinta, da baran da ya kashe ubangidansa, a matsayin masu ƙaramin cin amanar sarauta, tunda a ganin dokar miji sarki ne a gidansa. Namijin da ya kashe matarsa kuwa kisan kai kawai ya yi.

Waƙar da aka buga da sunanta, wadda aka ɗora a kan karin ratayan nan, ta sa Anne tana ba da labari da bakinta. Mijinta ya dawo daga cikin gari ya kwanta. Ita ce ta tashi da masifa, tana zaginsa, tana kiransa mashayi. Ya tashi ya mare ta. Ta ɗauki wani ƙarfen sassaƙa cikin kayan aikinsa ta jefe shi a ciki, ya mutu. Marin yana cikin waƙar, ba a ɓoye shi ba, amma an yi masa wuri ƙarami, a matsayin abin da harshenta ya jawo. Sauran baitocin duk la'antar kai ne. Tana kiran kanta abin kunyar mata, tana yabon mijin, tana roƙon matan aure su riƙe harshensu su ɗauki darasi daga gare ta. A ƙarshen takardar akwai sunan wanda ya tsara, T. Platte, da na mai bugawa, Henry Gosson. Maza biyu.

Da waƙar kaɗai ta rage, da shi ke nan. Sai dai akwai wani mutum a Landan mai suna John Chamberlain, wanda ya shafe shekaru yana rubuta wa abokinsa Dudley Carleton, jakadan Ingila a ƙasar waje, wasiƙun labarin gari. A wasiƙarsa ta 6 ga Yuli 1616 ya ambaci matar wani kafinta da aka ƙone a Smithfield saboda kashe mijinta. Wuri da lokaci da makami duk sun nuna Anne ce. Abin da ya ji shi ne mijin ne ya yi ta faɗa da ita ya kuma doke ta, ita kuma ta wawuri ƙarfe ta wurga masa. Ya ƙara da cewa in dai haka abin yake, to an tsananta mata shari'a har iyakarta. Chamberlain ba mai neman sauyi ba ne, mutum ne mai son jin labari da baza shi. Amma a ƴan layukansa an ga wata mata dabam da ta cikin waƙar: wadda aka doka, ta rama da abin da hannunta ya kai, ba tare da shiri ba. Waƙar ta juya jerin abin da ya faru, ta sa harshen matar a gaba, hannun mijin a baya, sannan ta sa matar da kanta ta sa hannu a kan wannan jeri. Wasiƙar mutum ɗaya ya karanta ta. Waƙar kuwa an rera ta a kasuwa.

A ajiye wannan a gefe, a dubi wani da ya yi kisa shekara 18 kafin ita. A watan Satumba na 1598 Ben Jonson, marubucin wasan kwaikwayo kuma mawaƙi, ya yi fito-na-fito da takobi da wani ɗan wasa mai suna Gabriel Spencer a bayan gari, ya kashe shi. Ya amsa laifi a kotu. Amma akwai wata tsohuwar kafa a dokar Ingila, wadda asalinta an yi ta ne don malaman coci: wanda ya nuna ya iya karatu, a wasu laifuffuka yana iya tsira daga igiya sau ɗaya a rayuwarsa. Jarrabawar ita ce a miƙa masa littafi ya karanta wata aya da Latinanci, yawanci farkon Zabura ta 51, har mutane suka sa mata suna ayar wuya, don ita ke ceton wuya. Ɓarayin da ba su san ko harafi ɗaya ba su kan haddace ta a kurkuku. Jonson masanin Latinanci ne, ya karanta, aka ƙwace ƴan kayansa, aka yi masa tambari da ƙarfe mai zafi a babban yatsa, ya tafi gida. Mata ba su da wannan kafa a lokacin. Sai a 1624 aka buɗe musu ita a ƙananan sace-sace, sai kusan ƙarshen ƙarnin aka daidaita su da maza. A 1616, shekarar da aka ƙone Anne Wallen, Jonson ya buga ayyukansa a babban kundi guda, Sarki James kuma ya yanka masa fansho.

Ban faɗi haka don in rage wa Jonson daraja ba. Hasali ma shi ne ya fi kowa yi wa waƙar gargaɗi dariya. A wasansa Bartholomew Fair na 1614, mai tallar waƙa yana rera wa jama'a gargaɗi a kan ƴan sane da makomarsu a gindin gungume, abokin cin mushensa kuma yana zagayawa yana yanke jakar kuɗin wanda ya fi kowa buɗe baki yana saurare. Mutumin da ke da tambarin Newgate a yatsa ne ya rubuta wannan, ya san iyakar abin da gargaɗi ke iyawa.

Amma kada in yi wa waƙoƙin abin da suka yi wa Anne. Ba daidai ba ne a ce duk farfagandar hukuma ce. Na farko, ba hukuma ke rubuta su ba, ƴan kasuwa ne, kuma abin da zai sayu suke bi. Na biyu, mutanen zamanin sun yi imani da gaske cewa sa'ar ƙarshe tana iya yanke makomar mutum a lahira, saboda haka wanda ya tsaya ya amsa laifinsa ba lalle tilas aka yi masa ba, yana iya zama ransa yake ceto. Wannan mu ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a gare ni, ita kalmar "ni" tana da wata ɗabi'a da marubucin haya ba ya iya sarrafawa. Duk wanda ya sayi takardar ya rera ta, dole ya ce "ni" da bakinsa. Kuyanga tana wanke-wanke tana rera waƙar wadda ta kashe miji, na tsawon baiti ashirin ita ce matar.

Misalin da ya fi nuna haka shi ne na matar wani attajirin Plymouth mai suna Page, wadda aka kashe a garin Barnstaple a 1591 tare da masoyinta George Strangwidge da mutum biyu da suka yi haya suka shaƙe mijin. Thomas Deloney, masaƙin siliki da ya zama fitaccen mai tsara waƙoƙin kasuwa, ya rubuta kukanta. Tana amsa laifi, tana tuba, kamar yadda aka saba. Amma rabin waƙar ƙarar iyayenta take kaiwa: tana da wanda take so, suka ga dukiya, suka aurar da ita ga wanda ba ta ƙauna, ta roƙe su ba su ji ba. Gargaɗin da ya fita a ƙarshe ya fi faɗawa kan iyaye masu kwaɗayi fiye da kan ƴan mata. Wanda ya karanta littattafan soyayya na Kano zai gane wannan labari tun daga shafin farko, auren dole ne da abin da yake haifarwa. Waƙar ta yi ta sayuwa ana sake buga ta har bayan shekara ɗari, kuma a 1599 Jonson da Thomas Dekker sun mayar da labarin wasan kwaikwayo, wanda ya ɓace. Ba na jin tubar ce ta riƙe ta a bakin mutane tsawon wannan lokaci.

Wani zai tuna da Gambo mai waƙar ɓarayi a nan. Kamar tana nan, amma a juye. Gambo yana wasa ɓarawo da ransa da ƙarfinsa, yana kuma magana da bakin kansa. Mawaƙin Landan sai an kama mutum, an gama da shi, sannan yake shiga rigarsa.

Manyan mawaƙa ma sun yi wannan aro. A 1559 aka fara buga wani kundi mai suna A Mirror for Magistrates, inda fatalwowin sarakuna da hakimai da suka faɗi suke fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ba da labarin laifinsu da ƙarshensu. A bugun 1563 an ƙara fatalwar William Collingbourne, wanda aka yi wa kisan gilla a 1484 a zamanin Sarki Richard na Uku, kuma cikin abin da aka tuhume shi da shi har da wani ɗan baiti na zambo da ya yi wa sarkin da fadawansa uku. Fatalwar tasa mawaƙa take yi wa kashedi.

Sai mu zo ga tambayar da ta rage: idan wanda za a kashe ya riƙe alƙalamin da hannunsa fa, me yake rubutawa? Mu da muka yi makarantar Faransanci, François Villon muke fara tunawa, wanda aka yanke wa rataya a Paris, aka sassauta masa zuwa kora a farkon 1463, ya bar waƙar ratayayyu da ake biya wa ɗalibai har yau. A Ingila amsar da ta fi shahara ta wani saurayi ce, Chidiock Tichborne.

Tichborne ɗan Katolika ne daga yankin Hampshire, shekarunsa ashirin da ƴan kai. A 1586 ya shiga makircin Anthony Babington na kashe Elizabeth a ɗora Mary ta Scotland a gadon sarauta. Ba su san cewa ƴan leƙen asirin Francis Walsingham suna karanta wasiƙun da ake ɓoyewa a gangar giya ba. Aka kama su, aka yanke wa mutum 14 hukuncin maciya amana: a rataye, a sauke da sauran rai, a farke ciki, a sassara gawa. An kashe bakwai na farko ranar 20 ga Satumba, Tichborne na cikinsu, kuma abin ya yi muni har washegari aka bar sauran bakwai suka mutu a igiya kafin a sa musu wuƙa. A gaban jama'a Tichborne ya yi jawabin da ake jira, ya amsa, ya nemi gafara. Amma a kurkukun Hasumiyar Landan ya riga ya rubuta wa matarsa Agnes wasiƙa, ya kuma bar waƙa mai baiti uku, ɗango shida-shida, kusan dukan kalmominta masu gaɓa ɗaya ne. Na karanta ta ya fi sau ashirin ina neman jawabin nan da na sani. Babu shi. Babu laifi a ciki, babu sarauniya, babu miyagun abokai, babu gargaɗi ga matasa. Saurayi ne kawai yake mamakin yadda abu ya ƙare tun bai fara ba, kowane ɗango yana ba da abu da hannun dama yana karɓewa da na hagu, kowane baiti yana rufewa da ɗango iri ɗaya.

Abin da aka yi da waƙar ya fi komai bayyana yadda ake tsoron irin wannan murya. A cikin shekarar aka buga ta a wani ɗan littafi na murnar tsirar sarauniya, amma ba a bar ta ita kaɗai ba. An liƙa mata martani daga wani mai haruffa T.K., wanda wasu masana ke zaton Thomas Kyd ne, yana bin ta ɗango-ɗango yana mayar da kowace magana zagi, yana cusa laifin da Tichborne ya bari a waje. Martanin yau sai masu bincike. Waƙar kuwa mawaƙan zamanin sun sa mata kiɗa, mutane suka yi ta kwafarta da hannu, tana kuma cikin kundayen waƙoƙin Ingilishi har gobe. Ba ina wanke shi ba ne, ya shiga shirin kisa da saninsa. Abin da nake nunawa shi ne, da aka bar shi da takarda shi kaɗai, ba abin da jama'a ke jira ya rubuta ba.

Haka Thomas Wyatt, wanda aka tsare a Hasumiyar a watan Mayu na 1536 lokacin da aka fille kan Anne Boleyn da mazan da aka tuhuma tare da ita. Ya tsira, ya rubuta waƙa kan abin da ya hango ta tagar kurkuku, kuma darasin da ya fitar ba na tuba ba ne, cewa ya yi rashin laifi ba ya kare wanda ya kusanci gadon sarauta. Ba a buga ta ba yana raye. Haka kuma Walter Ralegh, da aka fille wa kai ranar 29 ga Oktoba 1618 bisa hukuncin da aka yanke tun 1603. Ya yi dogon jawabi yana kare kansa, aka kuma sami gajeriyar waƙa da aka ce ya bari a cikin Baibul ɗinsa a daren ƙarshe. Baitin ƙarshe ne na wata tsohuwar waƙarsa ta soyayya, ya gyara, ya ƙara ɗango biyu na fatan tashi daga kabari. Jawabin da waƙar sun bazu hannu da hannu har sai da fadar Sarki James ta buga nata bayanin don ta kare kisan.

Sai dai a lura da su wane ne waɗannan. Wyatt jakada ne, Ralegh bafade ne, Tichborne ɗan gidan masu ƙasa ne. Suna da tawada da takarda da abokai masu kwafa. Matar masassaƙi ba ta da ko ɗaya.

Takardar Anne Wallen ta iso gare mu ne ta hannun Samuel Pepys, babban ma'aikacin rundunar ruwa, mai littafin tarihin yau da kullum da ya rubuta daga 1660 zuwa 1669. Ya tara irin waɗannan waƙoƙi kusan 1,800, ya manna su a kundi biyar, ya kasa su gida-gida, gida guda na kisan kai da hukuncin kisa da ukubar Allah. Suna kwalejin Magdalene a Cambridge. Shi kansa ɗan kallo ne. Ranar 21 ga Janairu 1664 ya biya sule ɗaya ya tsaya a kan ƙafar amalanke don ya ga ratayar wani Kanar James Turner da ya yi wa wani attajiri fashi. Ya rubuta cewa ya fi sa'a guda a tsaye cikin wahala, saboda Turner ya yi ta jan jawabi da addu'o'i, ɗaya bayan ɗaya, yana fatan takardar afuwa za ta iso. An ƙiyasta ƴan kallo dubu 12 zuwa 14. Turner ya yi amfani da jawabin tuba don sayen lokaci, afuwar ba ta zo ba, Pepys ya koma gida jiƙe da gumi ya ci abincin rana.

Saurayin da na sa muryarsa a labaran ƙarfe takwas ya yi wata goma sha huɗu a tsare, aka sake shi ba tare da an kai ga yanke hukunci ba. Ban sani daga kotu ba, yayarsa ce ta tare ni a bakin ƙofar gidan rediyo ta faɗa mini. Ta ce, "Malam, kun faɗi shigarsa, ku faɗi fitarsa mana." Na kai maganar ɗakin labarai, aka ce a nemo muryarsa. Ɗan rahotonmu ya je gidansu har sau biyu, ya ƙi cewa komai. Muka ba da labarin a jimla ɗaya, bayan farashin hatsi.